SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO, MAI GINA BIRNIN SAKKWATO

 A sauran shafuffukan wannan littafi za ku ga tarihin ikkilisiyarmu da ayyukan waɗanda suka yi hidima a cikinta cikin shekara hamsin ɗin nan. Amma kwamitin jubili ya ga ya dace a keɓe 'yan shafuffuka domin garin kansa, gama majami'a a kan ƙasa take, ƙasar kuwa tana da tarihinta tun kafin iyayenmu su san hanyar zuwa nan. Shekara hamsin abu ne babba a idonmu, amma birnin Sakkwato ya haura shekara 200. Kullum muna wucewa ta Masallacin Sarkin Musulmi Bello, muna kiran sunansa a bakin mai mota da mai babur, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin ko wane ne shi. Ga shi kuwa mutumin nan ya taɓa zaunar da wani Kirista a gabansa, ya tambaye shi abin da yake ba da gaskiya gare shi.

TASHINSA

An haifi Muhammadu Bello a shekara ta 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka. A Degel ya tashi, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, a gidan da karatu ne aikin kowa, maza da mata. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da wurin baffansa Abdullahi, har ya ƙware a Larabci da shari'a. Ƙanwarsa ce Nana Asma'u, wadda sunanta yake kan makarantu da yawa a yau.

Yana ɗan shekara 22 sa'ad da zaman jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya ƙi daɗi, suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu 1804. Daga nan sai yaƙi. Suka yi nasara a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni, suka sha mummunar asara a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, suka sake shan wuya a Alwasa a 1805, ga kuma yunwa. A watan Oktoba 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun rundunar da Bello yake kan gaba, Yunfa kuma ya mutu a wurin. Ba za mu daɗe a kan wannan ba, gama littattafan makaranta sun cika da shi.

GININ GARI

A shekara ta 1809 Bello ya soma gina Sakkwato. Kafin lokacin ba kome a wurin sai ɗan ƙauye. Wanda ya tsaya a gangaren arewacin gari ya duba fadama zai gane dalilin zaɓensa: tudu ne mai wuyar hawa ga abokin gaba, a ƙarƙashinsa Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suna haɗuwa, akwai ruwan mutane da na dawaki, akwai ƙasar noman rani. Har wa yau wurin yana tsakanin Gobir da Kabi da Zamfara, watau ƙasashen da ya san ba za su bar shi ya yi barci ba.

Shehu kansa yana zaune a Sifawa a lokacin. A 1812 ya raba kulawar ƙasa biyu, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Bello. A 1815 ya ƙaura zuwa Sakkwato, ya rasu a nan cikin watan Afrilu 1817, aka binne shi inda Hubbare yake yanzu.

Nan da nan mutanen gari suka yi wa Bello mubaya'a. Da Abdullahi ya taso daga Boɗinga, sai ya tarar an rufe ƙofar birni. Dattijo ne, malami ne da ba a ja da iliminsa, shi ne kuma ya ja runduna a Tabkin Kwatto, sai ga shi a bayan ganuwar ɗan wansa. Ya juya ya tafi Gwandu da ɓacin rai. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa sa'ad da ake zancen wanda zai gaji shugaba ya san irin wannan ciwo, ya san kuma ba ya warkewa da wuri.

Ba baffansa kaɗai ne ya ɓata rai ba. Gobir da Zamfara da Kabi suka tayar. Mafi zafi duka shi ne tawayen Malam Abdussalami, Ba'are, almajirin Shehu na tun farko, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abin da ya jawo jihadin. Yana zaune a Kware, kusa da hancin Sakkwato, yana ganin an ci moriyarsa an ba waɗansu manyan ƙasashe, an bar shi da 'yan ƙauyuka. Suka yi ta musayar wasiƙu da Bello, abin bai gyaru ba. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya tsere da rauni, ya mutu a Bakura. Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, ba wadda muka sani wajen kamfanin siminti ba, suka gagari Abdullahi. Sai Bello ya ɗauki runduna ya je taimakon baffan da aka rufe wa ƙofa. Bayan an ci garin, masu ba da labari sun ce Bello ya yunƙura zai sauka daga doki domin girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. A nan rigimar gida ta mutu. Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya tabbata Waziri, daga sunansa ne kuma unguwar Giɗaɗawa ta samo nata.

Cikin waɗannan shekaru gari ya cika har tsohuwar ganuwa ta yi masa kaɗan, Bello ya faɗaɗa ta a 1818. Baƙon da za mu yi zancensa a gaba ya ƙirga ƙofofi 12, ya ce tsayin ganuwar ƙafa 20 zuwa 30 ne, ana kuma rufe ƙofofin da faɗuwar rana. Ganuwar ta tafi, amma sunayen suna bakinmu har yau: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Dunɗaye, Ƙofar Atiku da Ƙofar Aliyu Jeɗo.

Abin da ya bambanta shi da yawancin sarakuna shi ne alƙalami. Tun a 1812 ya gama babban littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri. A ciki akwai gardamar da suka yi ta wasiƙa da Shehu Laminu na Barno, watau Alkanemi, wanda ya tambaye su da wace hujja suke yaƙar mutanen Barno alhali su ma suna salla suna azumi. Tambaya ce mai nauyi, Bello kuwa bai ɓoye ta ba. Ya kwafe wasiƙun abokin gardamarsa cikin littafinsa, ya sa amsarsa a gefensu, har ya zama yau muna iya jin bakin kowannensu. Ba kowane mai mulki ne yake barin maganar mai sukarsa ta rayu ba.

BAƘO DAGA TARABULUS

A tsakiyar watan Maris 1824 wani Bature ya shigo Sakkwato. Sunansa Kyaftin Hiyu Kilafaton, sojan ruwa ne, mutumin Sikotilan, amma a hanya ana kiransa Abdullahi. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da Manjo Denham da Likita Udni, suka keto Sahara daga Tarabulus suka iso Barno a 1823, suna neman sanin inda kogin Kwara ya nufa. Denham ya tsaya wajen Barno, Udni ya mutu a hanya kusa da Katagum, Kilafaton ya bi ta Kano ya iso nan shi kaɗai. Waziri Giɗaɗo ne ya sauke shi.

Ya tarar da Sarkin Musulmi zaune a kan ɗan kilishi, sanye da riga shuɗiya ta auduga da farin rawani, mutum mai jiki da kwarjini, mai gajeren baƙin gemu. Tun a ganawarsu ta fari Bello ya sa aka fito da waɗansu littattafan Turanci. Na Denham ne, sun faɗa hannun mutanen Bello a bara, sa'ad da Denham ya bi wata rundunar Larabawa da ta kai wa wani garin Fulani hari wajen Mandara, aka kore su. Sarki ya nuna bai ji daɗin ganin Bature cikin wannan hari ba, sa'an nan ya mayar da littattafan ba tare da neman kome ba.

A wannan ganawa kuma ya yi tambaya a kan addini. Bisa ga abin da Kilafaton ya rubuta, Bello ya san sunayen waɗansu tsofaffin ɗariƙun Kirista, ya kuma tambaye shi ko mutanen Ingila Nasturawa ne ko mabiyan Sosinus.

Bari mu tsaya a nan kaɗan, domin muna zaton da za a yi wannan tambaya ranar Lahadi bayan sujada, majami'a za ta yi tsit. Nasturiyus bishop ne na Kustantiniya, birnin da ake kira Istanbul yanzu. An yi gardama da shi a kan yadda Allahntaka da 'yan'adamtaka suka haɗu cikin Almasihu, har babban taron ikkilisiya da aka yi a Afisa a shekara ta 431 ya tsige shi. Ikkilisiyar da aka laƙaba wa sunansa ta yi ƙarfi a Farisa, ta kai Indiya, ta kai ƙasar Sin a shekara ta 635, malaman Larabawa kuma sun san ta sarai, suna ambatonta cikin littattafansu. Sosinus kuwa mutumin Italiya ne da ya zauna a Folan, ya mutu a 1604. Shi da mabiyansa sun ƙi koyarwar Triniti, suka ce Yesu bai kasance tun fil azal ba. To, kun ga tambayar Sarki ba ta neman hira ba ce. So yake ya san abin da baƙonsa yake cewa game da ko wane ne Yesu, ya kuwa san cewa waɗanda ake kira Kirista ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan.

Kilafaton ya rasa ta cewa. Domin ya fid da kansa sai ya ce su Furotestan ne. Sarki ya ce, mene ne kuma Furotestan? Ya yi ƙoƙari ya bayyana cewa kakanninsu ne suka ƙi camfe-camfe da ɓarnar da suka shiga ikkilisiya a zamanin da, suka ce za su bi abin da ke rubuce cikin Sabon Alkawari kaɗai. Bello ya ci gaba da jero tambayoyi, har baƙo ya furta cewa shi bai yi zurfi cikin waɗannan al'amura ba, ya bar su ga waɗanda suka fi shi sani.

Ba mu ga laifinsa ƙwarai ba. Matuƙin jirgi ne, ba mai bishara ba, ya kuma faɗi gaskiya maimakon ya yi ta kame-kame. Amma abin yana da ban tausayi. Sarkin da yake mulki daga nan har Adamawa ya buɗe baki ya yi tambaya da kansa, a cikin gidansa, cikin natsuwa, aka rasa mai ba shi amsa. Mu da muke zaune a garinsa, maƙwabtanmu suna yi mana irin tambayar nan a kasuwa da ofis da makaranta, sau da yawa kuma sun riga sun karanta wani abu a kanmu kafin su tambaya. Malaman makarantar Lahadi da masu koyar da ajin baftisma su riƙe wannan labari.

Sauran hirarsu ta fi sauƙi ga baƙon. Ya fito da madubin hangen nesa da na'urar auna tsayin rana da taswirar taurari, sai ya tarar Sarki ya san burujai da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Ya tarar kuma labarin duniya yana zuwa Sakkwato ta bakin alhazai da fatake: an tambaye shi yaƙin Girkawa da Turkawa, da harin da jiragen Ingila suka kai wa birnin Aljas a 1816, da yadda Ingilishi suka mallake Indiya. Bello ya zana masa hanyar Kwara a ƙasa, amma ya hana shi tafiya Yawuri domin ya bi kogin, ya ce hanyar ba lafiya.

Kafin Kilafaton ya tashi a farkon watan Mayu, suka yi shiri. Bello ya rubuta wa Sarkin Ingila Joji na Huɗu wasiƙa, yana so a aiko masa da wakili da likita su zauna a ƙasarsa, a buɗe ciniki ta bakin teku, shi kuma zai hana fatake kai bayi can. Ya ambaci Funda da Raka a matsayin wuraren da za a sadu. Ashe garuruwan nan biyu suna can cikin ƙasa, nesa da teku. Mai sanin taurari bai taɓa ganin teku ba, abin da aka faɗa masa ya faɗa.

Zancen bayi kuwa dole mu faɗe shi yadda yake, gama da yawa daga cikinmu jikokin mutanen da aka kai wa hari ne, daga kudancin Zazzau da duwatsun Bauci da ƙasar Zuru da Adamawa. Alkawarin da Bello ya yi na hana kai bayi bakin teku ne, bai shafi bauta a cikin gida ba. Daular da ya gina ta dogara ƙwarai a kan bayi, su ne a gona, su ne a rini da saƙa, suna cikin gaisuwar da sarakunan gabas suke aiko wa Sakkwato kowace shekara. Kalmar nan runji da muke ji a sunan unguwa kamar Runjin Sambo, asalinta ƙauyen gona ne inda bayi suke zaune suna noma. Su ma Ingilishi da suka zo da wa'azin hana cinikin, a 1807 suka daina nasu, ba su kuma 'yanta bayin da ke ƙasashen da suke mulki ba sai da dokar 1833. A Arewacin Nijeriya sai a 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya. Mutumin da ya mayar da littattafan Denham, shi ne dai mutumin da ake kawo wa 'ya'yan mutane a ɗaure. Tarihi bai ba mu izinin ɗaukar ɗaya mu bar ɗaya ba.

ZUWA NA BIYU

Kilafaton ya komo, wannan karo ta kudu. Ya sauka Badagiri a ƙarshen shekara ta 1825, ba wanda ya san Funda ko Raka a bakin teku, ba kuma manzon Sarki da ke jiransa. Zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa tun ba su yi nisa ba. Ya rage daga shi sai baransa, wani saurayi mai suna Ricad Landa, wanda aka haifa a watan Fabrairu 1804, watan da aka yi hijira zuwa Gudu. Tafintansu kuwa Bagobiri ne, Abubakar, wanda Turawa suke kira Fasko. An sayar da shi har bakin teku, jirgin Ingila ya ƙwato shi, ya yi aikin sojan ruwa, ga shi ya komo ƙasar Hausa da bakin Turanci.

A watan Oktoba 1826 Kilafaton ya sami Bello a sansani, yana shirin faɗa wa Konya inda Gobirawa suka kafu. Ya ga yaƙin da idonsa, bai kuwa yaba wa mayaƙan ba, gama an wuni ba a ci garin ba, aka janye a rikice. Wadda ya yaba wa ita ce wata tsohuwa, baiwar Sarki, mutuniyar Zamfara, wadda ta hau doki da gorunan ruwa rataye da sirdi, tana ratsa inda kibau suke zuba tana shayar da masu ƙishi da masu rauni. Zumuntar mata, ga taku.

Cikin kyautar da ya kawo akwai littattafan Larabci: Alƙur'ani, da littafin Ibn Sina, da littafin lissafi na Yukilid, da Zabura, da wani sashe na Tsohon Alkawari, da Sabon Alkawari. Ashe tun 1826 Maganar Allah ta shiga gidan Sarkin Musulmi da Larabci, shekara 106 kafin a buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Wanda ya fi faranta wa Bello rai dai shi ne Yukilid. Ya ce gidansu suna da shi a da, wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobara ta cinye shi a bara. Da Kilafaton ya shiga wurinsa bayan 'yan kwanaki, sai ya same shi zaune da littafin a buɗe yana nazari.

Amma zamani ya sake. Alkanemi ya taso da runduna ya nufi Kano, sai da Sarkin Bauci Yakubu ya tare shi a farkon 1827. Kilafaton kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyauta zuwa ga Alkanemi ɗin nan, har da makamai a ciki. Bello ya hana shi wucewa, ya sa aka karɓe wasiƙar da makaman. Kilafaton ya husata ƙwarai, ya ce an ci amanar baƙo. Mu dai ba mu san sarkin da zai bar a kai wa abokin gabansa bindiga ta cikin gidansa ana tsakiyar yaƙi ba. Ban da haka, an yi ta aiko wa Bello gargaɗi cewa Turawan nan 'yan leƙen asiri ne, haka suka shiga Indiya da ɗaya da biyu har suka cinye ta. Kilafaton ya musa, mai yiwuwa kuma da zuciya ɗaya ya musa. Shekara 76 bayan haka, ran 15 ga Maris 1903, sojan Lugga suka tsaya a bayan ganuwar nan.

Ɓacin rai da zazzaɓi da atini suka kwantar da shi. Landa ya yi jinyarsa fiye da wata guda a cikin bukka, cikin zafin bazara irin wanda muka sani, yana karanta masa Littafi Mai Tsarki kowace rana. Ya mutu ran 13 ga Afrilu 1827, yana da shekara 38. Landa ya roƙi izini ya binne maigidansa bisa ga al'adar ƙasarsu, Sarki ya yarda, ya aiko bayi su haƙa kabari. Aka ɗora gawar a kan raƙumi, aka rufe ta da tutar Ingila, aka kai ta wani ƙauye kimanin mil 5 daga birni. A can saurayin nan ɗan shekara 23 ya buɗe littafin addu'a na ikkilisiyar Ingila, ya karanta hidimar jana'iza daga farko har ƙarshe, ba mai amsa masa Amin. Duk wanda ya taɓa binne nasa a garin da ba dangi ya san abin da yaron nan ya ji. Bello ya sallame shi lafiya, shi ne kuma ya komo a 1830 tare da ƙanensa suka bi Kwara har inda ta shiga teku. Ta wannan hanyar ruwa ce Samuel Ajayi Kurauda da abokan aikinsa suka biyo daga 1841. A nan ƙasar Sakkwato kuwa sai a shekarun 1930 aka ba 'yan mishan wuri, ta hanyar aikin jinyar kutare a Amanawa.

SHEKARUN WURNO

Shekara goma da suka rage masa, Bello ya ba da su ga zaunar da mutane. Ya gane cewa ƙasar da aka ci a kan doki ba ta riƙuwa a kan doki. Sai ya yi ta kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, waɗanda ake kira ribaɗi, irin su Wurno da Gandi da Lajinge da Shinaka, yana sa 'ya'yansa da 'yan'uwansa a cikinsu, kowane gari da limami da alƙali da malamin yara. Ya lallashi Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su rage shanu su ƙara dawaki da raƙuma da tumaki, abin da ba Bafulatanin da zai ji shi da daɗi. A cikin wata takarda da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a kan mulki, ya ce aikin sarki ne ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya rarraba su cikin garuruwa, ya gyara kasuwa da hanya. Ana danganta masa shigo da ban ruwa da jigo, da dafa rake a yi mazarƙwaila. Ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basir da na ciwon ido da na amfanin filasko. Marubutan zamaninsa sun ce daga guminsa yake ci, ba ya taɓa baitulmali domin kansa.

Dattawanmu da suka yi makaranta a zamanin Turawa za su tuna an koya musu labarin Alfired, sarkin Wesseks a ƙasar Ingila, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899. Shi ma ya gaji ƙasa cikin yaƙi, ya kewaye ta da garuruwa masu ganuwa wajen 30 domin tsare ta daga mahara, ya kuma zauna yana juya littattafai daga Latin zuwa harshen mutanensa. An sa yaranmu sun haddace shekarunsa, alhali mai irin aikinsa yana kwance mil 20 daga ajinsu.

Wurno ce Bello ya fi so, can ya fi zama a ƙarshen ransa. Daga cikin baƙin da suka zauna wurinsa a shekarun nan akwai Alhaji Umaru Tal na Futa, wanda ya biyo ta nan daga Makka, ya yi shekaru, ya auri 'yar Sarki, daga baya ya kafa tasa daula a ƙasashen da ke Gini da Senegal da Mali a yau.

Yaƙi dai bai rabu da shi ba. A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda da Ibra shugaban Abzinawa suka haɗa kai. Bello, yana da shekara fiye da hamsin, ya fita da kansa ya gamu da su a Gawakuke, can arewa. Aka zub da jini mai yawa, Ali da Rauda suka mutu a wurin, Ibra ya tsere. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka bi Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda sarautarsu take har yau a ƙasar Nijar.

Bai daɗe ba bayan wannan. Ciwo ya kama shi a Wurno, ya rasu cikin watan Oktoba 1837, bayan ya yi shekara 20 da 'yan watanni a kan mulki. Waziri Giɗaɗo da manyan gari suka naɗa ƙanensa Abubakar Atiku, bayan Atiku kuma sarauta ta komo ga ɗan Bello, Aliyu Babba, a 1842. Daga zuriyarsa ne Sardauna Ahmadu Bello ya fito, da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988, wanda a zamaninsa ne yawancin iyayenmu suka shigo garin nan da aikin gwamnati da na soja da na asibiti da ciniki. Bello kansa ba a kawo shi birnin da ya gina ba. A Wurno aka binne shi, hubbarensa yana can, masu ziyara kuma suna zuwa har daga Nijar.